Ogan ɗin tsofaffin sinimomi: me ya sa ake shan wahalar gyara shi maimakon a sayi kibod kawai?

Salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga bidiyon wani mutum a garin Blackpool na Ingila yana ɓullowa daga ƙarƙashin dandamali a kan wani farin abin kiɗa mai kibod uku, aka ce maka sunansa Wurlitzer, wato ogan ɗin sinima, kayan kiɗa mai busa bututai da iska, shine kake tambaya wai menene shi, kuma tunda yanzu akwai kibod na lantarki da zai fitar da duk muryoyin nan me zai sa mutane su ɓata shekaru da kuɗi wajen gyara tsohon kaya. To na daɗe ina cikin masu aikin sa kai na gyaran irin waɗannan a nan Ingila, bari in baka amsa a tsanake, ka yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Abu na farko, wancan farin teburin da ka gani ko ƙyas baya fitar da sauti. Wajen ba da umarni ne kawai. Ainihin ogan ɗin yana ɓoye cikin ɗakuna a bayan bango ko saman dandamali, ɗakuna cike da bututai ɗaruruwa, wani bai wuce fensir ba wani kuma tsawonsa ƙafa 16, na katako da na dalma haɗe da kuza da na tutiya da na tagulla. Can ƙasan gini kuma akwai ƙatuwar fanka mai mota da ke tura iska, ka ɗauke ta kamar zugazugin maƙeri amma wanda baya hutawa. Wasu bututan irin sarewa suke, iska ta bugi leɓe ta yi kuka, wasu kuma akwai ɗan harshen tagulla a gindinsu da ke rawa kamar yadda bakin algaita yake yi. Kowane jerin bututai mai murya iri ɗaya muna ce masa sahu, kuma da yawan kibod da yawan sahu ake faɗin girman ogan. Na Blackpool ɗin kibod uku ne sahu 14.

Tarihin ya faro ne daga wani Bature ɗan Ingila, Robert Hope-Jones, an haife shi 1859. Asalinsa injiniyan kamfanin tarho ne, kuma wannan shine sirrin komai. A cocin St John da ke Birkenhead ya ɗauki dabarar wayoyin tarho ya sa wa ogan, ya zama maɓalli baya buƙatar sandar katako da za ta ja bawul, waya ce kawai za ta kai saƙo, har ya riƙa fitar da teburin waje yana kaɗawa mutane suna mamaki. Ya koma Amurka a 1903, ya buɗe kamfaninsa a Elmira, harkar kuɗi ta ƙi masa, a 1910 kamfanin Wurlitzer da ke North Tonawanda a jihar New York ya saye fasaharsa ya ɗauke shi aiki. Zaman bai yi daɗi ba, a 1914 ya kashe kansa, bai ga yadda abin da ya ƙirƙiro ya cika duniya ba. Duk lokacin da na buɗe akwatin iska na ga yadda ya tsara abubuwa sai in ji tausayin mutumin nan.

Me ya kawo sabo? Tebur mai lanƙwasa kamar kofaton doki da ƙananan harsuna masu launi da kake latsawa ka zaɓi murya. Iska mai ƙarfi, ogan ɗin coci yawanci inci 3 zuwa 5 yake aiki da shi a ma'aunin ruwa, shi kuwa na sinima inci 10 ne, wasu sahun 15, wasu har 25. Maɓalli mai hawa biyu, ka danna kaɗan murya ɗaya ta fito, ka ƙara nitsa yatsa wata ta hau kanta, da hannu ɗaya kenan kana rakiya kana kuma jan waƙa. Sai babbar dabarar, wato kowane bututu da nasa maganaɗisun, saboda haka sahu guda za ka iya kiransa daga kowane kibod, a murya ta ƙasa ko ta sama, shi yasa sahu goma sai su yi maka ƙarar da za ka rantse talatin ne. Sunan da suka sa masa ma Unit Orchestra, ma'ana ƙungiyar makaɗa a hannun mutum ɗaya.

Kuma abin da masu sinima ke nema kenan. Lokacin fim baya magana, dole a samu mai kiɗa yana bin hoto, biyan makaɗa ashirin kullum safe da yamma kuwa ba ƙaramin kuɗi bane. Sai aka cusa wa ogan ganguna na gaske da kuge da ƙararrawa da zailofon da fiyano, duk iska ce ke ɗaga sandunan da ke bugunsu, ga kuma wani shiryayye da ke ɗauke da usur ɗin jirgin ƙasa, hon ɗin mota, kukan tsuntsu wanda ɗan usur ne a nitse cikin ruwa ko mai, takun doki, jiniya, ƙarar igiyar teku. Doki ya ruga a fim ka ji ƙwaf ƙwaf, jirgi ya taso ka ji usur. Muryar da ta fi zama tambarin wannan ogan ita ce Tibia Clausa, bututun katako mai toshe a kai, in aka kunna mata na'urar da ke girgiza iska sai ta riƙa shessheƙa kamar mai kuka, ita ce ke sa mutane hawaye a wajen rabuwar masoya. Wurlitzer kaɗai sun ƙera sama da 2,200, ga kamfanonin Robert Morton da Kimball da Barton da Möller a Amurka, a Ingila kuma Compton da Christie. Ana ƙiyasta kusan 7,000 aka girka a sinimomin Amurka. Makaɗa irin su Jesse Crawford, wanda ya koma sinimar Paramount ta New York a 1926, taurari ne sosai a zamaninsu.

Sai 1927 ta zo da fim ɗin The Jazz Singer, fim ya buɗe baki. Bayan shekara biyu tattalin arzikin Amurka ya rushe. Cikin ɗan lokaci kasuwar ta mutu murus, duk da cewa mafi girman wanda Wurlitzer suka taɓa yi wa gidan kallo, mai sahu 58 da tebur biyu, a 1932 aka sa shi a Radio City Music Hall. Shi yasa mu bamu san abin ba, kafin gidajen sinima su kafu a ƙasar Hausa fim ya riga ya fara magana. A Ingila ya ɗan ƙara jan rai saboda ana kaɗa shi lokacin hutun rabin fim da kuma a rediyo, na Blackpool ɗin da ka gani ma a 1935 aka girka shi, ɗakin rawa ne ba sinima ba, makaɗi Reginald Dixon ya yi shekara 40 a wurin daga 1930 zuwa 1970, Phil Kelsall kuma a 1977 ya zama babban makaɗin wurin.

Ɓarnar gaske ta zo ne a shekarun 1950 da 1960 da talabijin ta kwashe 'yan kallo aka shiga rushe manyan sinimomi ana yin wajen ajiye motoci da ofisoshi. Da yawa da ogan ɗinsu a ciki aka rushe su, wasu 'yan gwangwan suka auna a kilo. A nan ne masoya suka tashi. An kafa Cinema Organ Society a Ingila a 1952, a Amurka kuma 1955 aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira American Theatre Organ Society. Mutane ne talakawa, injiniyoyi da malaman makaranta da masu ritaya, su ji labarin za a rushe gini sati mai zuwa su zo da motar haya cikin dare suna kwance bututai. Wasu ogan ɗin suka ƙare a gidajen mutane, wasu a makarantu, wasu a gidajen cin fiza, har yau Organ Stop Pizza a Mesa ta jihar Arizona na nan da bututai kusan 6,000 mutane na cin abinci ana kaɗa musu. Na sinimar Fox ta San Francisco da aka rushe a 1963 yanzu yana El Capitan a Hollywood. Na sinimar Trocadero da ke Elephant and Castle a Landan ya yi yawo, ya zauna a wata kwaleji, ya koma sito, sai 2015 ya sake magana a wani gidan kallo a Landan mai suna Troxy. Labarin da na fi so shine na Alabama Theatre a Birmingham ta Amurka, a 1987 masu ginin suka karye, masoya ogan suka je sayen ogan ɗin kaɗai aka ce musu ba a raba shi da gini, sai suka tara kuɗi suka sayi ginin gaba ɗaya. Ogan ne ya ceci sinimar. Duk da haka daga cikin dubban nan na Amurka waɗanda suka rage a ainihin inda aka fara girka su basu kai 40 ba, haka ƙungiyar ta Amurka ke faɗi.

To yanzu gyaran kansa, wanda shine inda na fi sani.

Kashi mafi yawa na aikin nan aikin fata ne, wallahi da badukun kirki zai zo da sati biyu ya isa ya gane kan abin. In ka danna maɓalli, wuta ta tafi wajen maganaɗisu, ya ɗaga wani ɗan faifan ƙarfe da bai kai ƙwandala ba, iska ta fice daga wata 'yar jakar fata ƙarama ta lotsa, ita kuma ta buɗe wa babbar jaka hanya, babbar ta ja bawul, iska ta shiga bututu. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, kuma dole ya iya maimaitawa da saurin yatsun makaɗi. Ka lissafa, ogan mai sahu goma yana da bututai wajen 700 zuwa 800, kowanne da maganaɗisu da jaka biyu, ban da na cikin tebur da na ganguna da na ƙofofin katako da ke buɗewa da rufewa a gaban ɗakin don ƙara ko rage sauti. Jakunkuna dubbai kenan, kowacce an lulluɓe ta da fatar tunkiya da aka fere ta yi siriri kamar takarda. Fata kuma tana da ajali. Shekara arba'in, hamsin, in an yi sa'a ta wuce haka, a garuruwan da aka daɗe ana ƙona gawayin kwal kuwa hayaƙi ya cinye ta da wuri, ka taɓa ta ta zube kamar garin ƙuli. Idan ɗaya ta fashe to sauran ma suna hanya, shi yasa bana goyon bayan faci, in za a yi a yi akwatin gaba ɗaya.

Yadda muke yi, kafin a kwance ko sukuru ɗaya sai an ɗauki hoto an sa wa komai lamba. A ciro jakunkunan, a kankare tsohuwar fata, a goge katakon, a yanka sabuwa daidai faɗin buɗewar da masu ƙera shi suka bari, in ka rage faɗin bawul ba zai buɗe sosai ba, in ka ƙara fatar ta naɗe ta yi saurin tsagewa. Sannan a manna da gam ɗin fata wanda ake narkawa a tukunya yana ɗumi. Wannan gam ɗin ina so ka riƙe shi da kyau domin shine zuciyar maganar. Ƙarfinsa ya isa, amma ranar da aka so cire shi ruwan ɗumi kawai za a sa ya saki, katako ya fito tas kamar ba a taɓa manna masa komai ba. Wanda ya yi aikin a 1928 ya bar mana hanya, mu ma dole mu bar wa wanda zai zo bayan shekara hamsin. Na taɓa karɓar wani akwati da wani bawan Allah ya gyara a baya da farin gam na kafintoci da silikon, niyyarsa mai kyau ce amma sai da muka yi watanni muna kankara, wasu katakan ma suka tsage dole aka sassaƙa sababbi. Irin wannan darasin an sha shi da yawa a shekarun 1970, lokacin da aka fito da wata roba mai suna Perflex aka ce ta fi fata kuma ba za ta mutu ba, kamfanoni manya suka rungume ta, cikin 'yan shekaru ta fara rugurgujewa, aka dawo ana sake dubban jakunkuna da fatar da aka raina.

Bayan fata sai ruwa. Ɗakunan bututu yawanci suna can sama kusa da rufi, rufi ya fara yoyo babu mai hawa ya gani, shekara goma ruwa na ɗiga kan akwatin iska, gam ya saki, katako ya kumbura ya rabu, iska ta riƙa satar hanya daga rami zuwa rami ka danna murya ɗaya maƙwabciyarta ta amsa. Bushewa ma illa ce, hita mai zafi a lokacin sanyi tana yi wa katako abin da hunturu ke yi wa leɓe da diddige. Ga ƙura, ɗan ƙwayar datti ɗaya ya shiga ƙarƙashin faifan maganaɗisu sai bututu ya kama kuka shi kaɗai ya ƙi yin shiru ana tsakiyar wasa. Ga ɓeraye masu son fata da ulu.

Bututan kansu a hankali ake bi da su. Na dalma da kuza laushi gare su, riƙon banza zai lotsa su, a wanke, a sa sandar katako a ciki a miƙar da inda ya lotsa, a like inda ya tsage. Amma bakin bututu da harshen tagulla ba a taɓa su sai gwani, domin 'yar lanƙwasar da ke jikin harshen nan da ƙananan tsagogin da ke leɓen, hannun wani ma'aikaci ne da ya mutu tuntuni, shi ya saurara da kunnensa ya ce haka muryar za ta kasance. Ka goge da sanfefa sau biyu ka shafe aikinsa har abada. Saita murya kuma ba a yinta sai ɗakin ya kai zafin da za a yi wasa a cikinsa, saboda zafi na ɗaga muryar bututun sarewa sama, masu harshe basa motsi sosai, zailofon da ƙararrawa kuwa suna nan inda suke, in ɗaki ya canza sai kowa ya kama gabansa.

Akwai rigimar da har gobe ba a gama ba a tsakaninmu, kuma zan faɗa maka inda na tsaya. Tsakanin tebur da bututai akwai wata na'ura mai girman kabad biyu ko uku, cike da dubban wayoyin azurfa da jakunkunan iska, ita ke raba saƙo ta ce wannan maɓallin da wannan harshen bututu kaza suke nufi. Zuriyar akwatin tarho ce kai tsaye, kwamfuta ce ta iska da katako tun kafin a san kwamfuta. Tun shekarun 1970 mutane suka fara cire ta suna sa ta lantarki wadda za ka rungume da hannu ɗaya, kuma gaskiya tana da amfani, makaɗi zai adana zaɓin muryoyinsa, zai naɗi wasansa ogan ya maimaita shi kaɗai, ga tsofaffin wayoyi masu rigar auduga da hukumomin kashe gobara basa so. In ogan ya riga ya rasa tasa ko an haɗo shi daga wurare daban daban, ba ni da ja. Amma in ta asali na nan da ranta, cire ta ɓarna ce a wurina. Wadda aka yi a 1927 har yau ana gyara ta da fata da ƙarfen liƙi, ta lantarkin da aka sa a 1985 kuwa wasu an canza su sau biyu saboda babu kayan gyara.

Kuma abin da ke min ciwo shine da yawa daga cikin ogan ɗin da suka lalace bayan 1960 a hannun masoyansu suka lalace. Mutum ya sayi mai sahu takwas, ya ga na abokinsa ya fi ƙara, ya je ya farke wasu guda uku ya kwaso sahunsu ya mayar da nasa talatin, ya ƙara ƙarfin iska, ya yanke bakin Tibia don ta yi irin sautin da ya ji a faifan shahararren makaɗi George Wright. An sami ƙaton ogan ɗaya, an kashe huɗu. Ƙananan nan masu sahu biyar zuwa takwas da suka yi wa fim kiɗa a sinimomin unguwa, waɗanda su ne mafi yawa a da, yanzu samun wanda ba a taɓa ba ya fi wuya. Ni da za a bani zaɓi, ƙaramin da yake yadda ya fito daga masana'anta a cikin ɗakinsa na asali ya fi min ƙato mai sahu tamanin da aka harhaɗa.

Sai tambayarka ta kibod. Akwai manhaja irin Hauptwerk da aka naɗi kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, ni ma ina da ita a gida ina gwaji da ita, kuma ta taimaki yara da yawa sun koyi kiɗan ba tare da sun mallaki sinima ba. Amma lasifika takarda ce ke rawa a wuri ɗaya. A can kuwa bututu ɗari ne ke busawa lokaci guda kowanne daga kusurwarsa, suna jan iska daga tanki ɗaya suna ɗan rinjayar juna, sautin ya fito ta ƙofofin katako ya bugi rufi ya sauko kanka. Bututu mai ƙafa 16 yana girgiza sau 32 a daƙiƙa, mai ƙafa 32 kuma sau 16, wannan na biyun kunne ma baya kama shi sosai, a ƙirji da kujera kake jinsa. Ginin kansa rabin kayan kiɗan ne, shi yasa in an ɗauke ogan daga sinima mai kujera dubu uku aka kai shi falon gida sai ka ji kamar ba shi ba.

In ka samu zuwa Ingila, wancan da ka gani yana Blackpool Tower, ana kaɗa shi kusan kullum a lokacin baƙi, akwai Musical Museum a Brentford, akwai Compton mai kibod biyar a sinimar Odeon Leicester Square da ke Landan tun 1937, akwai kuma ɗan gidan tarihin Hope-Jones a Eccles kusa da Manchester wanda Lancastrian Theatre Organ Trust ke kula da shi. Ka nemi ranar da ake nuna fim marar magana da ogan, kuma bayan an tashi kada ka tsaya wajen tebur inda kowa ke ɗaukar hoto, ka nemi dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin bututu ka roƙe shi ya hau da kai. Yawancinsu sun haura saba'in kuma neman wanda za su koya wa suke yi ido rufe, a ƙungiyarmu ma masu iya lanƙwasa harshen tagulla mutum biyu suka rage. Ka sa kayan da baka jin tsoron su yi ƙura, ka cusa hannuwanka a aljihu kada ka dafa bututu, in ya ce zai kunna fanka kana ciki ka toshe kunnenka tukuna.